Kofin Zamzam a Duron Baƙin Mai

Daga Allah muke, gare Shi kuma ake komawa. Kakana, mahaifin mahaifina, mai injin niƙan da ke bayan Kasuwar Libiya a Omdurman, ya amsa kiran Ubangijinsa. Tun kafin a wanke kofunan shayin ranar farko ta zaman makoki, an riga an fara yi masa ƙarin da bai roƙa ba.

Ina ɓangaren mata, amma siwan, wato rumfar makokin maza da aka kafa a kan titi, tana jingine da tagar ɗakin da muke haɗa shayi, don haka babu abin da ya wuce ni. Wani dattijo da ya zo daga Alhilla Kuku ya ɗaga hannu ya yi Fatiha, ya zauna, ya ce marigayin ya haura shekara ɗari. Na kusa da shi ya ƙara masa goma. Babu wanda ya san shekarun Kaka, shi ma bai sani ba. Abin da yakan faɗa shi ne an haife shi a Jazira lokacin tsinkar auduga, auduga kuwa kowace shekara ake tsinkarta.

Wannan zan iya yafewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar Baffa, yayan mahaifina, wanda komai na gidan ya koma hannunsa tunda mahaifina yana aiki a Jidda.

"Wallahi da idona na gani," in ji Baffa. "Baƙin mai, wanda ko kare ba zai lasa ba. Tsoho ya yi tofi, ya zuba masa ruwan Zamzam, aka wayi gari ya zama jaz, man inji sak. Gwamnati ta kasa, jami'a ta kasa, Baba ya yi."

Aka yi kabbara. Wani ya ce karama ce. Wani kuma ya tambaya, "To yarinyar nan mai digiri fa?"

"Tana taya shi wanke duro."

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai suyar ta'amiyya da zalabiya, ƙosai da fanken garin nan, a bakin kasuwa, ta matse mini dantse. "Haɗiye, ya bitti, 'yata," ta ce. "Makoki ne, ba jarrabawa ba."

Na haɗiye. Amma kafin la'asar sai ga sauran maganar ta fito. Baffa ya shaida wa mutane cewa tunda mai sirrin man ya tafi da sirrinsa kabari, babu amfanin ajiye injin da ba shi da abin sha. Akwai masu haƙar zinariya daga arewa da ke neman irinsa don niƙa dutse, kuma za su zo dubawa bayan sadakar bakwai. A nan na gane cewa ƙarin da ake yi wa mamaci ba kullum yake zama ado ba. Idan man karama ce, to an binne shi tare da mai karamar, injin kuma ya tafi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina son kada a manta da Kaka, kuma ina son wanda za a tuna ya zama shi ɗin, ba wani waliyyin da Baffa ya ƙera a kan tabarma ba. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

An faɗa mini cewa mahaifin Kaka ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na ƙarasa hanya, ya yi aure, ya haihu, ya rasu bai ga teku ba. Kaka yakan ce, "Hanya ba ta ƙarewa, mutum ne ke zama." Shi ne ya ƙarasa wa mahaifinsa tafiyar bayan ya manyanta, ya dawo da jarkar Zamzam guda. Wannan jarka na tashi na tarar da ita a ƙarƙashin gadonsa, a lulluɓe da tsohon rawani, kuma ba ta taɓa ƙarewa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk sanda ta yi rabi, Kaka yakan kai ta bakin famfo ya cika. Ina 'yar sakandare na taɓa yi masa bayanin abin da ke faruwa da ruwa idan aka yi ta sirka shi shekara da shekaru. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Daktora, shi Zamzam rinjaye yake yi, ba a rinjayarsa."

Tun daga ranar sunan ya bi ni. Na gama karatun kimiyyar haɗa sinadarai a Khartum da digiri na farko kawai, kuma babu ranar da ban gyara masa ba cewa ni ba daktora ba ce. Kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar injin, amma nauyin yana da zaɓi: ba ya jin gyara, yana jin motsin cokali a kofin shayi daga ƙarshen gida. Idan shayin yake so, sai in tashi daga Daktora in koma "amaryata", kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki, in ce masa ba na auren mai haƙori huɗu, ya ce biyar ne, in zo in ƙirga tunda ni ce mai son lissafi.

Injin kuwa, tsohon ƙirar Ingila ne mai tukunya ɗaya da ƙatuwar ƙafa mai juyawa, ana tayar da shi da hannu. Kaka yana kiransa Baturiya, yana yi masa magana yadda ake yi wa tsohuwar da ta san kanta. A kansa matan unguwarmu suke niƙa dawar kisra da asida, abincinmu na kullum, da waken ta'amiyya. Wata ɗabi'arsa kuma, wadda ta shafi wannan labari fiye da yadda na zata, ita ce ba ya mayar da mazubin mutum babu komai. Idan aka aiko masa da abinci, kwanon ba zai koma ba sai da dabino ko ɗan gishiri a ciki. Na ga ranar da ya rasa abin sakawa, ya riƙe kwanon maƙwabta har washegari, suna aike yana cewa bai gama ci ba.

Sai shekarun layi suka zo. Kudancin ƙasar ya ɓalle ya tafi da rijiyoyin mansa, masu mulki na kaki suna ta faɗa a rediyo cewa komai ya wadata, motoci kuma suna kwana a gidajen mai. Jaz, wato dizal, ya zama abin da ake raɗa. Mai jarka ba a sayar masa sai da takarda, mai takarda kuma sai ya san wani. Baturiya ta fara aikin rabin yini, daga baya ta yi shiru. Mata suka koma ɗaukar dawa a raksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa injin lantarki mai nisa, su tarar an ɗauke wuta, su dawo da ita yadda suka kai ta. Kaka ya zauna a bakin ƙofar injin yana gaisawa da kowa kamar mai karɓar ta'aziyya.

Ni kuma ina gida, na gama karatu babu aiki. Aikin kammala digirina a kan wannan ne: mayar da man girkin da aka gama suya da shi ya zama dizal. Na faɗa masa a tsanake, na ce na yi shi a kwalba a ɗakin gwaji, ban taɓa yi a duro ba, kuma ban yi alkawarin komai ba. Kafin magariba ya shaida wa rabin unguwa cewa jikarsa za ta kunyata gwamnati.

Ya kamata in bayyana aikin, domin wanda bai san shi ba ba zai gane rigimarmu ba. Ana tace baƙin man da ƙyalle a fitar da ƙonannen gari. A ɗora shi a wuta har ruwan da ke cikinsa ya ƙone, ya daina tsartsatsi. A sauke, a bar shi ya huce zuwa wani zafi da ake dubawa da ma'auni. A narka sodar sabulu a cikin mitanol, wanda wani irin sibirto ne, ɗan'uwan barasa, mai guba, a zuba a man, a juya sosai, a bar shi ya kwanta. Abu biyu zai rabu: a ƙasa gilisarin, baƙi mai kauri, a sama man injin, ja garau kamar shayi. Daga nan a wanke shi da ruwa, a shanya. Doka guda ce ba ta da sassauci: kada ruwa ya shiga man kafin soda. Idan ya shiga, soda takan bar aikin da aka sa ta, ta koma yin sabulu.

Mitanol wani malamina ne ya taimaka mini na samu ta hanyar da doka ta yarda. Baƙin mai kuwa aikin Kaka ne da Gwaggo. Ita ta bi masu suyar ta'amiyya da zalabiya da kifi na bakin kasuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya bi bayanta da gaisuwa, yana tuna wa kowace cewa ya san uwarta a Jazira. Jarkoki suka fara zuwa.

Duron farko ya lalace. Maimakon abu biyu su rabu, sai na tarar da wani abu kamar kokon da ya kwana, ba mai ba, ba ƙullu ba. Na ce laifin sodar ne, na canza ta. Na biyu ya lalace. Na zargi ma'aunin zafi, na aro wani daga Khartum. Na zargi mitanol ɗin, na zargi man kifi na ware shi, na zargi duron na kankare shi da yashi. Idan na gwada a kwalba a ɗakina, man yakan fito tas. Idan na koma duro, sai koko. Na rame. Na fara tunanin ko digirin ma kuskure aka yi aka ba ni. Kaka kuwa kullum yana gefe yana ba ni haƙuri: "Ma'alesh, Daktora, ni ma ina taya ki ta nawa ɓangaren." Na ɗauka addu'a yake nufi.

Kokon nan bai yarda a zubar ba. Yakan juye shi a faranti, ya shanya a kan rufin kwano har ya daskare, ya yayyanka da wuƙa, ya ƙulla kowane yanki a wuyan jarkar da za a mayar wa mai ita. Na hana shi. Na ce ban auna abin da ke ciki ba, akwai ragowar soda, zai iya cin hannu. Ya ce ai ba fuska za su wanke da shi ba. Gwaggo ta dawo da rahoton cewa babu abin da ke cire maiƙon kaskon suya kamarsa, mata har rigima suke a kan wadda aka ba babban yanki. Wato ni ina kuka a kan abin da ya lalace, kasuwa tana yabon sa.

Ranar da asiri ya tonu, na sauke man daga wuta da hantsi, na rufe, na shiga cikin gida cin fatur, karin kumallonmu na hantsi, kamar yadda na saba, domin a wannan tazarar yake hucewa. Ban kai ga zama ba sai na ji ƙarar tsartsatsi kamar an watsa tsakuwa a kan kwano, da salatin Kaka a bayanta. Na fito da gudu. Na same shi tsaye a kan duron, kofin shayi a hannu, jarkar Zamzam a gefen ƙafarsa, gemunsa da hannun jallabiyarsa duk ɗigon mai. A kullum yakan jira in yi nisa da cin abinci, man ya huce, ya shiga ya zuba kofi guda, biyu idan ya ga man ya cika baƙi. Ranar ce kawai ya yi gaggawa saboda zai je jana'iza.

Sai da na fara duba hannunsa, na sa masa ruwan sanyi. Wannan ina so a rubuta mini shi. Bayan nan ne na ɗaga murya.

"Kaka, tun yaushe?"

"Tun duron farko. Kina tsammani zan bar ki ki fara abu babu albarka?"

"Ruwa ne ke ɓata shi! Sau nawa na faɗa a gabanka?"

"Kin ce ruwa. Ba ki ce Zamzam ba."

"Zamzam ruwa ne, Kaka. Wannan ma na famfon Omdurman ne, ni da kai mun sani."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, kuma daga baya na fahimci kusan hakan ya ji. Na sassauta. Na kawo masa abin da har yau nake ganin sulhu ne na adalci: akwai matakin wanki a ƙarshe, inda ruwa yake shiga da izini, ya zuba nasa a can.

"A ƙarshe?" in ji shi. "Wa kika taɓa gani ya yi bisimilla bayan ya ƙoshi? Kuma ruwan wankin nan ina kike kai shi?"

"Kwata."

"To. Ruwan da ubana ya mutu a hanyarsa, in ba ki ki zuba a kwata."

"Sabulun da kake rabawa fa? Kumfarsa sama take tafiya?"

"Wannan ya gama aikinsa tukuna," ya ce, ya ɗauki jarkarsa ya fita, kunnensa kuma ya yi nauyi nan take.

Na sayo kwado na kulle ɗakin duro. Duron da ya biyo baya ya rabu biyu kamar yadda littafi ya ce. Muka zuba wa Baturiya, Kaka ya juya hannun, ta yi tari, ta kama. Hayaƙinta ya fito da ƙamshin ta'amiyya, har mata suka yi guɗa. Ina tsammanin a nan zai ce na yi gaskiya. Abin da ya ce wa jama'a shi ne albarkar durorin baya ce ta taru ta sauka a wannan. Daga ranar kuma ya daina yi mini magana kai tsaye. Ina tsaye a gabansa zai ce wa Gwaggo, "Ki ce wa Daktora Baturiya na jin ƙishi." Kowace safiya in tarar da bakin ƙofar ɗakin duro a jiƙe. Tunda an hana shi ciki, ya koma yayyafa wa dokin ƙofa. Na bar shi, domin dokin ƙofa ba ya cikin lissafina.

Muna cikin wannan gaba ne masu kaki suka zo. Wani, wanda ban sani ba kuma ba zan yi zato ba, ya kai rahoton cewa ana dafa aragi, wato barasar gida, a bayan injin: ga duro, ga tiyo, ga warin sibirto, ga ɗaki a kulle. Wanda ya zauna a garin nan a waɗannan shekaru ya san abin da wannan zargi yake jawo wa mace, ya san bulala, ya san kuma cewa ko an sake ta sunan ba ya sakinta. Suka tsaya da mota da rana tsaka, unguwa ta fito kallo. Babbansu ya tambayi mai ɗakin. Na buɗe baki, sai Kaka ya sha gabana da sandarsa.

"Ni ne. Duro nawa, tiyo nawa, warin ma nawa ne. Yarinya ba ruwanta, shayi take kawo mini."

"To buɗe, ya Hajj."

Ya laluba aljihu, ya laluba ɗaya aljihun, sannan ya juya wajen Gwaggo. "Ki ce wa Daktora ta ba ni aron mabuɗina."

Na miƙa mabuɗin, aka buɗe ɗakin. Kaka ya zagaya da su ɗakin yana bayani, kuma babu jimla ɗaya da ta yi daidai. Ya nuna gilisarin ya ce shi ne man. Ya nuna ma'aunin zafi ya ce na gwada ƙarfin albarka ne. Ya ce asalin sana'ar sabulu ce, jaz ɗin kyauta ce daga Allah da ke tasowa a sama. Ina riƙe da takardar izinin mitanol a hannuna, duk sanda na matsa in nuna sai ya taka mini ƙafa. A ƙarshe ya tayar da Baturiya ya ce su sunsuna hayaƙin. Babban nasu ya sunsuna, ya yi dariya, ya ce wannan yunwa take sawa ba maye ba. Kaka ya shiga ɗakinsa ya kwaso ragowar sabulun da ya ɓoye, ya ba kowannensu yanki ya kai wa matarsa. Har motar hukuma bai bari ta koma babu komai ba.

Da suka tafi ya jingine sandar a bango. Ya zauna a kan buhu, ya dube ni, ni ɗin kaina ba Gwaggo ba, ya ce, "Amaryata, shayi." Gabar ta ƙare a nan. Kwadon dai ban cire ba, shi ma bai nema ba.

Sai dai wata matsala ta taso ta inda ban duba ba. Tunda man ya daina lalacewa, sabulu ya ƙare, jarkoki suka fara komawa wurin masu su a wanke tas, babu komai a wuyansu. Gilisarin ɗin da ke fita ina tara shi a duro, domin akwai ragowar mitanol a cikinsa, kuma ba zan ba mutane abin da ban tabbatar da shi ba. A daidai lokacin wani mai keken jaki ya fara zagaya kasuwa yana sayen baƙin mai. An ce tacewa yake yi ya sake sayar wa masu ƙaramin ƙarfi su yi suya da shi. Ban gani da idona ba, amma na ga jarkokinmu suna raguwa. Kaka ya ce rashin sabulu ne. Na ce tsadar rayuwa ce, mace mai 'ya'ya ba za ta ƙi abin hannu saboda yankin sabulu ba. Har yau ina ganin akwai gaskiya a maganata. Baturiya dai ta koma rabin yini, kuma a haka ciwo ya kwantar da shi.

Bai daɗe a kwance ba. Wata rana da tsakar rana, yana kan gadonsa a inuwar rumfa, ya nuna mini ƙarƙashin gadon da haɓa. "Wannan taki ce in na tafi," ya ce. "Ki kai ta jami'a ki auna, ki zo ki faɗa mini kashi nawa ne na Makka." Na ce ba ni da na'urar da za ta iya. Ya ce, "Kin gani ko."

Ranar da aka yi masa sutura, an yayyafa wa likkafaninsa daga jarkar, kamar yadda ya yi wasiyya. Baffa ya so a juye duka, Gwaggo ta ƙwace ta ce saura na Daktora ne. Abin da ya rage bai fi kofi biyu ba.

A rana ta uku ta zaman makoki, wadda ake naɗe tabarmi, na ji hayaniya a ƙofar mata. Masu zuwa ta'aziyya sukari suke kawowa da ganyen shayi. Waɗannan jarkoki suka kawo. Matan bakin kasuwa ne, masu ta'amiyya da masu zalabiya da masu kifi, har da waɗanda suka daɗe da komawa wurin mai keken jaki. Suka jera baƙin mai a tsakar gida, a gefen tirelolin abinci, suka yi Fatiha. Babbarsu, wata tsohuwa mai tabon ƙuna a hannu, ta ce sadaka ce ga Hajj, Baturiya ta sha ta yi masa addu'a. Sannan ta kama hannuna.

"Na yau nasa ne, 'yata. Na mako mai zuwa kuma tsakaninmu da ke ne. Mu ba mabarata ba ne, ba kuma bola muke kawo miki ba. Jarka ta je ta dawo fayau kamar an kore ta?"

Na fara yi mata bayanin ragowar mitanol. Gwaggo ta ce, "Ya bitti, ke ba daktora ba ce? Cire shi mana."

Ana cire shi. Dafa gilisarin ake yi a fili har gubar ta tashi, kuma na san haka tun ina aji uku a jami'a. Na dafa. Na haɗa duron mai a ɗaki, ƙofa a kulle, babu ɗigon ruwa. A tsakar gida kuma na ɗora tukunyar sabulu, wannan karon da gangan, da awo. Shi sabulu, ba kamar man injin ba, da ruwa ake fara shi: a cikin ruwa ake narka soda tun kafin komai ya shiga. Na ɗauko kofin awo. Sannan na shiga ɗakin Kaka na ɗauko jarkar, na yi bisimilla, na zuba kofi guda a farkon farko, na cika sauran da na famfo.

Masu zinariya sun zo washegarin sadakar bakwai kamar yadda aka ce. Sun tarar da Baturiya tana aiki, mata a layi da kwanonin dawa, titi yana ƙamshin ta'amiyya, jarkoki kuma a jere a bakin ƙofa, kowace da yankin sabulu a wuyanta. Baffa ya ba su shayi ya sallame su. Da yamma na ji shi yana shaida wa mutane cewa Baba ya bar wa yarinyar sirrin a cikin jarka.

Saboda haka ina rubutawa a fili, don wanda zai karanta bayanmu. Kakana bai mayar da baƙin mai jaz da ruwan Zamzam ba. Ruwansa ya ɓata mini duro bayan duro, ya kusa sa ni mayar da digirina. Ya tsaya tsakanina da masu kaki da sanda a hannu, ya yi musu bayanin da babu daidai a cikinsa ko ɗaya. Bai taɓa yarda na fi shi gaskiya ba, ni ma ban yarda ya fi ni ba. Ruwan yana shiga sabulu, ba ya shiga man, kuma duk wanda ya ji Baffa yana faɗin akasin haka ya turo shi wurina.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haɗa shi da mahaifinsa a inda hanya take ƙarewa, kada Ya mayar da shi hannu babu komai. Jarkar tana ƙarƙashin gadona. Jiya na ga saura kofi guda, na kai ta bakin famfo.